Tambayoyin da Tanimu Ya Bari

Tun da hukuma ta soke ranar jarrabawa saboda satar amsa, sai ta ɓoye jarrabawar gasken a cikin jarrabawowin gwaji. Duk wadda mutum ya zauna yi, mai yiwuwa ita ce, kuma ba mai faɗa masa.

Tanimu, mai kula da kwamfutocin wani asibiti a Azare, sai ya sami shaidar ƙwarewa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba aikinsa ya tafi. Ranar Laraba da hantsi ya shiga cibiyar jarrabawa ta Hajiya Balaraba, ya yi bisimilla ya fara. Amsoshi na zuwa masa, har ya kai rabi, sai Hajiya ta ƙwanƙwasa teburinsa.

"Malam Tanimu, matarka ce a waya. Wai Inna ta faɗi, ba ta magana."

Ya miƙe. Dattijon da ke kusa da shi ya riƙe masa gefen riga.

"Ɗana, ƙarasa mana. In ita ce fa?"

"Baba, in sha Allahu ta gwaji ce," in ji Tanimu. Ya fita da gudu.

Sai bayan la'asar Inna ta farfaɗo. Ta dube shi, ta ce, "Auta, ya karatun?"

"Da godiya, Inna."

A nan wayarsa ta yi ƙara. Ya leƙa, ya ga tambarin hukuma. Ita kuwa hukuma ba ta taɓa aiko wa kowa saƙo a kan gwaji ba. Ya kife wayar a kan gado, ya ci gaba da yi wa Inna fifita.