La'asar ɗin da Na Sake

Ina da shekara goma sha uku wani sabon malami ya zo unguwarmu, Kabara. Ya ce da mu yara duk wanda ya saki hannu a salla, bai ɗora a ƙirji ba, ba a binsa.

Ran nan Baba ya ja mu La'asar a zaure, hannayensa da shuni ya rina suna sake a gefensa. Yana sallamewa na miƙe a gaban abokansa marina, na kama ƙirji, na sake raka'a huɗu. Ya jira har na idar.

"Me ya sami ta farkon?" in ji shi.

"Baba, sallarka ko rufin zauren nan ba ta wucewa."

Bai mare ni ba. Ya juya tafukansa yana dubawa, kamar na wani ne.

Ba tsoron Allah na ji ba a lokacin. Daɗi na ji, yau na fi ubana.

Bai ƙara shiga gabana a salla ba sai ranar jana'izarsa. Ni na yi masa wanka, ni na miƙar da hannayen nan a gefensa.