Babur Ɗin Da Ba Ya Kwana Da Mai

Matso kusa, ɗana. Labari ya iso ni cewa tun da ka sayi injin ban-ruwan nan, duk wanda ya zo aro sai ka ce masa tiyo ya fashe. Ba zan tambaye ka ko gaskiya ne ba, don kada in sa ka rantsuwa. Misali kawai zan ba ka, ka tafi da shi ka tauna.

An yi wani manomi a wani ƙauye mai nisa da asibiti, irin ƙauyen da in damina ta sauka mota ba ta ƙara shiga sai kaka. Wata rana ya je cin kasuwa, ya ga wani tsohon ƙaramin babur, irin wanda malaman gona ke hawa a da, jingine a bayan shagon wani bakanike, kaji har sun mai da shi wurin kwana. Ya saye shi ya ɗoro a amalanke, mutane na ta yi masa dariya. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ba rago ba ne. Ya kwance shi gaba ɗaya, ya wanke da kalanzir, ya sake taya da fulogi. Da ya leƙa tanki sai ya tarar tsatsa ta yi ɓawo kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ya zuba tsakuwar rafi a ciki, ya toshe baki, ya yi ta girgizawa har kafaɗunsa suka sage. Ya juye, ya jiƙa da ruwan tsamiya, ya ɗauraye, ya sake, ya kuma sakewa, har cikin tanki ya yi fes. Da ya koma sayen fenti, bakaniken ya ja masa kunne cewa ƙarfen da aka kankare tsirara yake, kada ya kuskura ya bar tankin babu mai, danshi zai shiga. Ya ce ya ji. Ranar da babur ya tashi duk gari aka fito, mata na guɗa, tsofaffi na hamdala, wai yanzu an huta da jan marar lafiya a amalanke.

Ashe sun yi saurin guɗa. Mutumin nan in ya tuna wuyar da ya sha wajen girgiza tankin nan, ko ƙuda ba ya so ya sauka a kan babur ɗin. Ga shi ba ya son ya ce a'a a kira shi marowaci, ga shi kuma yana tsoron rantsuwa kan ƙarya. Sai ya samo dabara. Duk sa'ad da ya dawo daga unguwa, sai ya zare tiyo ya tsiyaye man tas a galan, ya cusa a rumbu. Kowa ya zo neman taimako, sai ya buɗe murfin tanki ya ce, "Leƙa da idonka. Wallahi ko ɗigo babu." Ka ji fa! Kai ka ce Allah tanki yake dubawa, ba zuciya ba. Ƙanensa ya roƙe shi ya koya masa tuƙi, ya ce sai an samu mai. Da damina ta kankama, don gudun taɓo ya daina hawa gaba ɗaya, ya lulluɓe babur da buhu a zaure. A cikin daminar nan ne maƙwabcinsa ya shigo afujajan, matarsa na kan gwiwa, haihuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a taimaka a kai ta asibiti. Aka buɗe masa tanki ya leƙa, aka rantse masa. Maƙwabcin ya juya ya ɗaura wa shanunsa amalanke. Uwar ta rayu da ƙyar, ɗan kuwa ya koma tun a hanya.

Gab da kaka, wata rana da hantsi, manomin yana cire ciyawa a gona kububuwa ta sare shi a ƙafa. Ya ɗaure wurin, ya jawo jiki zuwa gida, ya sa aka zaro galan daga rumbu a gaban jama'a, maƙwabcin nan na tsaye yana kallo. Maganar kunya ta ƙare, rai ake nema. Aka ɗura mai, sai aka tsaya kallon juna. Duk garin babu wanda ya iya tuƙi, don bai taɓa barin kowa ya ko riƙe kan babur ɗin ba. Dole shi ya hau abinsa, ya tayar, ya kama hanya. To amma watannin da tanki ya yi a bushe, danshi ya gama aikinsa, tsatsa ta dawo har ta fi ta farko. Gargadar hanya ta kakkaɓo ta, ta bi tiyo ta toshe kafireto. Can bayan rafi, inda babu gida babu gona, babur ya yi tari ya mutu.

Maƙwabcin nan, ɗan halak, ba wanda ya roƙe shi, ya ɗaura wa shanu amalanke ya bi sawu. Amma shanu ba su san sauri ba. Sai wajen la'asar suka iske shi jingine da babur, rai ya riga ya yi halinsa. Tiyo na hannunsa, leɓunansa ja wur da tsatsa, alamar ya yi ta zuƙa yana tofarwa ko mai zai wuce. Amalanken da ta ɗauki matar mutane ita ta dawo da shi gida. Ni har yau in na tuna takaici ke kama ni, ba tausayi ba. Da ya bar man a tanki, ana hawa ana kai jama'a, da babu abin da zai sami ƙarfen nan.

To, ɗana, koma ka sake duba tiyon nan naka da kyau, wataƙila zai liƙu. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce: kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.