Mai Kula da Tafki da Karfasa Mai Goyo

Zauna tukuna, malam, kafin ka je ka yanke wa mutum hukunci don kawai ka ce idonka ya gane maka. Bari in ba ka misalin wani gari da ke da tafki guda, wanda daga cikinsa kowane gida ke samun abin sa wa a miya. Da sarkin ruwansu ya rasu, dagaci ya tsallake masunta kaf, ya ɗora wani surukinsa a kan kula da tafkin, mutumin da bai taɓa jefa birgin kamun kifi ba, kifi ma sai a akushi ya san shi. Wata safiya yana tsaye a gaɓa, ruwa ya kwanta garau, sai ya hangi wata karfasa, 'ya'yanta sun kewaye ta kamar hayaƙi. Da inuwar babbar rigarsa ta faɗa kan ruwan, karfasar ta wangale baki, ƙananan nan suka ɗuru ciki, ta rufe ta nutse. Mutumin ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe ga ɓarauniyar da ke cinye mana iri!" Kafin azahar ya sa aka yi shela cewa duk kifi mai faɗin jiki da ƙaya a gadon baya a kame shi, kada a bar ko ɗaya. Tarwaɗa kuwa ya ce a ƙyale ta, baiwar Allah ce, tana kwance cikin laka ba ta taɓa kowa, ga gashin baki irin na dattawa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, masuntan nan sun san gaskiya sarai. Tun suna yara suka san karfasa a baki take goyo. Ƙwanta ma a baki take riƙe shi har ya ƙyanƙyashe, ta yi kwana da kwanaki ba ta sa komai a cikinta ba, in kuma 'ya'yan suka ga abin tsoro, nan suke gudowa su ɓuya. Sun kuma san halin tarwaɗa, wadda in yunwa ta taso mata ko ɗan cikinta ba ta bari. Amma lokacin hani ne, lokacin da marigayi ba ya barin kowa ya jiƙa taru, yau ga shi an buɗe musu ruwa. Sai kowa ya yi gum da bakinsa, ya je ya kwance jirginsa.

Aka tara karfasa tsibi-tsibi a gaɓa, mata suna gyarawa. Wata tsohuwa mai sana'ar banda ta ɗauki wata ramammiya, ta ga maƙogwaronta a kumbure. Ta ɗan matsa, sai ga 'ya'ya suna zubowa a tafin hannunta, da ransu, suna mutsu-mutsu. Ta tsaga cikin uwar, ta tarar da hanji a shanye, ko ƙwayar abinci babu. Ta miƙe, ta je har gaban mutumin ta buɗe masa hannu. "Ranka ya daɗe, duba nan. Abin da aka ci a ciki ake samunsa. Waɗannan a baki suke, uwar kuma da yunwa kuka kashe ta. Ku ji tsoron Allah!" Masunta suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya dubi hannun a wulaƙance ya ce, "Iya, ai ba ta kai ga haɗiyewa ba ne muka kama ta." 'Yan korensa suka kwashe da dariya. Tsohuwa ta ruga bakin ruwa ta saki 'yan kifin, suka taru wuri guda suna neman bakin da za su shiga. Bakin da ya zo musu na tarwaɗa ne, ta taso daga laka ta yi musu loma ɗaya, a gaban kowa, sai dai shi mai hukuncin ya riga ya juya baya. Da shekara ta zagayo, gansakuka ta rufe tafkin, don karfasa masu cin ta sun ƙare. Taru ba ya fito da komai sai 'yan tarwaɗa masu ƙaton kai da siririn jiki, waɗanda suka koma cin junansu. Mata suka koma kaɗa miya da daddawa zalla, masuntan da suka yi shiru suka sayar da jiragensu suka tafi ci-rani. Har yau in aka tayar da zancen, mutumin nan rantsuwa yake yi cewa da idonsa ya gani. Kuma ba ƙarya yake yi ba, ya ga baki ya buɗe, ya ga 'ya'ya sun shiga, bai dai tsaya ya ga ko za su fito ba. Shi ya sa Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane.