Tsohuwar Kyanwar Yaya

Ranar da likitan dabbobi ya ce kyanwar Yaya ta makance, ta kuma kurumce, gidanmu ya koma asibiti. Yaya ya ɗauki hutu a ofis. Da kansa yake niƙa mata kifi ya ba ta da cokali, ya ɗiga mata magani a ido, ya naɗe ƙafafun kujeru da tsumma kada ta yi karo. Matarsa kuwa sai ɗaukar hoto take, jama'a suna ta yabon tausayinsa a waya.

“Ku rage murya, tana barci,” yake ce mana, a kan kyanwar da ko tsawa ba ta ji.

Inna, mahaifiyarmu, tana kwance a ɗakin baya da ciwon gwiwa. Tun safe take kiran Yaya ya zo ya tayar da ita zaune.

“Ina zuwa, Inna! Bari ta gama haɗiyewa.”

Da na je zan ɗaga Inna, sai ta ce in dakata. Ta gyara murya, ta juya wajen ƙofa.

“Miyaaw!” in ji Inna.

Sai ga Yaya a guje, da cokali a hannu.