Lemun Gonar Rahila

Wannan dashen ma ya mutu. Mailafiya, malamin gona, ya tsuguna a gonar Rahila da ke Beri yana murza busasshen ganyen lemu, takaici kamar ya kashe shi.

Tun da ya dawo daga kwas a ƙasar waje, jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, bakinsa bai huta ba. Wai ya gano sirrin arzikin ƙasashe: can manomi yana dasa itacen da jikansa zai ci, mu kuwa tunaninmu bai wuce damina ɗaya ba. Da ƙyar ya shawo kan manyansa a Kontagora suka ba shi dashen gwaji, da sharaɗin in bai kama bana ba, a rufe maganar.

Manoma suka yi ta zulle masa. A cikinsu Tanimu ne kaɗai ya taɓa dasa mangwaro a gonar aro can baya, itatuwan suka yi kyau gwanin sha'awa. Amma ga shi yau yana dako a kasuwa, ɗan mai gonar ke noman wurin. Mailafiya bai tambayi dalili ba. A ganinsa lalaci ne kawai irin namu.

Rahila ce ba ta iya ce wa ma'aikacin gwamnati a'a ba. Mijinta ya rasu, gonar kuma aro ce daga wani attajirin gari, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Ba ta taɓa fashin ban ruwa ba. Kullum da sassafe za a ga ta fito gida da sauri, ta tallabo tukunya da tsumma, tana bin dashen ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka, kwana kaɗan sai ganye ya yi yaushi. Mailafiya ya zargi gara, ya zuba magani. Ya zargi awaki, ya yi shinge da hannunsa. Ya aika da ƙasar wurin a gwada, aka ce lafiyarta ƙalau.

"Gwaggo, wallahi abin ya ishe ni," ya ce. "Ga ƙasa, ga ruwa, ga ki tsaye kan aiki. To me ya hana mu ci gaba?"

"Sai haƙuri, Malam," in ji Rahila, kanta a ƙasa.

Ya kwance ragowar dashen daga bayan kekensa, na ƙarshe ke nan, ya dasa da kansa, ya tafi yana ƙunƙuni.

Washegari da safe 'yarta Fure ta dube ta a bakin murhu. "Inna, mutumin nan yana ba ni tausayi."

"Ni ma haka," in ji Rahila. "Amma in lemun nan ya kama, mai gona zai aiko ya karɓe abinsa, mu ci me? Iza wuta, ruwan dashen bai tafasa ba."