Dutsen da Muka Ɓoye wa Mama

Muna cikin hira da Mama ta bidiyo sai ta hango wani hoto a kwamfutar angona.

"Wancan hayaƙin fa?"

Tun bayan biki muke ɓoye mata. Ni ina son mu yi hutun amarci a wani ɗan gidan katako kusa da dutse mai aman wuta a Hawaii. Shi kuwa ya nace sai otal a bakin teku, kada hawan jinin surukarsa ya tashi a Jos. Ga shi asiri ya tonu a falonmu na garin Germantown, nan ƙasar waje.

"Dutse ne mai aman wuta, Mama," ya ce. "In ba ki yarda ba, mun fasa."

Ta gyara tabarau, ta ce in matso da wayar. Ta daɗe tana kallon baƙar ƙasar wurin.

"Ai irin namu ne na Kerang, sai dai namu ya yi barci. A gindinsa na yi noma har na auri babanki. Ku kama gidan nan na kusa da dutsen."

Sai ta ƙara da cewa:

"In kun je, ku tambayo min ko dankali na yi a can."