Masu Leƙen Tsakar Gida

"A rufe ajin nan yau!" Alhaji mai shanu ke ta faɗa a ofishin shugaban makaranta, mu matan Ƙofar Marke muna bayansa. Ni ce a gaba. Shi ya tsegunta mini cewa sabuwar malama na koya wa ɗalibai zana taswira da wata manhajar kyauta, wai har tsakar gidajenmu suke leƙawa ta sama. Ni kuwa magana ba ta kwana a cikina.

"Abin kyauta ba ya rasa mugun nufi," na ce wa malamar. "Ke ɗiyar wa ce, da za ki kwance mana zane a kasuwa?"

Sai ta juyo da kwamfuta. Na ƙura ido ina neman tsakar gidan maƙwabciyata, ban ga komai ba sai rufin kwano.

"Inna, hanyar ruwa muke bi, mu gano abin da ke kawo muku ambaliya. Ga tsohon hoto, ga na bana."

A tsohon hoton, magudana ta bi bayan garken Alhaji ta fice. A na bana, sabuwar katangarsa ta hau kanta ta zauna daram. Sai na tuna ɗakina da damina ta rushe, shi ya zo jaje ya ce ƙaddara ce.

Alhaji ya ce bari ya je ya yi alwala.

Na jawo kujera na zauna. "Ɗiyata, ƙara girman wurin nan. Mata, ku matso."